Yadda Ake Hana Na Kusa Tsayi Ba Tare da an Taɓa Shi Ba

Kai mai kujera, matso kusa. Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari babu wanda zai ƙara ko taƙi ɗaya a ofishinka har ka yi ritaya. Na ɗauko su ne daga wata baƙuwar ciyawa mai mamaye gonaki, da kuma Baba Sai-Na-Duba, shugaban ɗakin gwajin da ya shekara ashirin yana bincikenta. Zama da maɗaukin kanwa, ka san abin da yake kawowa.

1. Kada ka yi faɗa

Ciyawar nan ba ta da ƙaya, ba ta shaƙe kowa. Saiwarta ce ke tsiyayar da wani sinadari cikin ƙasa, sannu sannu, sai irin da ke kusa ya ƙi tsirowa. Manomi ya zargi ruwa, ya zargi taki, ita kuwa tana tsaye kore shar. Tsawa ta ƙananan shugabanni ce, kai ka wuce nan.

2. Nemi wanda ya fara toho

A wurin Baba, wata ma'aikaciya ce da ake ce wa Mai Tabarau. Shekara uku tana shuka wake a tukwane kusa da ciyawar, tana tono saiwa tana aunawa, har ta rubuta rahoto mai shafi goma. Sa hannunsa kawai take jira a ƙara mata girma, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu.

3. Yaba, sannan ka ɗiga

"Kai, 'yata, Allah ya yi miki albarka! Aiki ya yi kyau. Amma fa sai na duba."

"Ranka ya daɗe, Alhamis ce fa..."

"Gaggawa aikin shaiɗan ce."

Ya ɗora kofin shayinsa a kan rahoton. Lura da kyau, bai ce a'a ba. Mai cewa a'a ana iya kai ƙararsa, amma wa ya taɓa kai ƙarar mai dubawa?

4. Bar wa ƙasa sauran aikin

Alhamis ta wuce, ta baɗi ma ta wuce. Magatakarda ya koyi kalmar, mai kula da sito ya koya, har mai gadi in ka tambaye shi makulli sai ya ce sai ya duba. Mai Tabarau ta daina magana a taro, tukwanenta suka bushe. Baba ya dubi sashe fayau, shi kaɗai ne dogo, ransa ya yi fari ƙal.

5. Kada ka karanta shafi na tara

Baba ma bai karanta ba. Dab da ritaya ya sama wa babban ɗansa aiki a sashen, don kujera ta zauna a gida. Yaron ya zo da ƙwazo kamar ya ci ƙasa. Ya nemi kayan gwaji, sai an duba. Ya kawo shawara, sai an duba. Wata shida, ga shi a lungu yana latsa waya.

Hankalin Baba ya tashi, ya kira Mai Tabarau.

"'Yata, me ya sami ɗan'uwanki? A gida kamar wuta, nan kuwa kamar an zare masa laka!"

Ta ɗaga kofin, ta zaro rahotonta duk shatin shayi, ta buɗe masa shafi na tara.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Idan sinadarin ya taru, har irin ciyawar ba ya tsirowa. Ƙasa ba ta san na gida ba."

Baba ya ce, "To ki ja shi a jiki, ki koya masa aiki. Ke kaɗai kika rage. Don Allah."

Ta gyara tabarau.

"Sai na duba."

Gargaɗi: babu ruwan marubuci da duk abin da ya bushe a gonarka, ko da kai ka haife shi. Mai ƙorafi ya rubuto, akwai sauran wuri a ƙarƙashin kofi.