Ranar da Hadari ta juya da ango

Ko da tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Isiyaku ya miƙo mini makullin Hadari ba. Hadari mota ce, Shafarole 'yar Amurka ƙirar shekarun saba'in, mai ƙofa biyu da silinda takwas, ja kamar ruwan soɓo, da baƙaƙen zane biyu a kan bonet. Kawu ya yi shekaru yana tuƙi a Jidda, da zai dawo ya sa aka ɗoro ta a jirgin ruwa. A ƙauyenmu da ke kusa da garin Hasahisa, in ya tayar da ita da safe, kofunan shayi har rawa suke yi a kan tire. Ƙararta ba ta tsaya a kunne ba, a ƙirji ake jin ta. Tun ina ƙarami nake tsayawa bayanta don kawai in ji ƙasa tana motsi a tafin ƙafata, kuma wallahi har yau ban ji abin da ya kai wannan daɗi ba.

Ba a fito da ita sai da dalili, kuma babban dalilin shi ne sayra, wato rakiyar ango zuwa gidan amarya. Duk angon da ba Hadari ce ta kai shi ba, to aurensa da sauran magana. Matsalar ita ce idanun Kawu sun fara rauni, ba shi da ɗa namiji a gida, kuma kowa ya san yana neman wanda zai damƙa wa makulli. Mu biyu ne a layi: ni da ɗan ƙanwarsa Sani, direban tarakta, mutumin da sai ya yini bai yi magana goma ba. Ni kuwa raksha nake ja, wato keken haya mai ƙafa uku, a birnin Wad Madani, kuma baki gare ni. Babu rumfar mai shayin da ban faɗa a cikinta cewa wanda ya iya ratsa kasuwar Madani da ƙafa uku, ƙafa huɗu wasa ce a wurinsa ba. (Na taɓa tuƙa motar wani maƙwabci sau biyar ko shida. Wannan ban cika faɗa ba.)

Da bikin abokina Bashir ya zo, Kawu ya ce ni zan tuƙa, shi zai zauna a gefena. Bayan la'asar muka shirya. Bashir ya lallaɓa kujerar baya yana ƙamshin turare, da lalle a hannu. Kafin in murɗa makulli Kawu ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗan nan, wagga ba raksha ba ta. Ba a taka ta, roƙonta ake yi."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi tsoho ya fiye iyayi.

Tafiyar farko dai kamar a mafarki. Hanya ta bi gefen babbar tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, bas biyu na 'yan rakiya suna binmu, mata suna kiɗa suna guɗa. Da ƙyar nake taɓa totur, amma sai in ji kujera ta turo bayana. Bonet ɗin ya miƙe a gabana kamar ba zai ƙare ba. Manoma suna ajiye fartanya su ɗago kai. Na tuna har hawaye suka taru mini, don ban taɓa riƙe abu mai ƙarfi haka a hannuna ba.

A bakin ƙauyen amarya wani ya bar ruwan gonarsa ya malalo kan hanya. Wanda ya san baƙar ƙasar yankinmu na Jazira ya san in ta sha ruwa sabulu ce. Wurin bai fi taku ashirin ba, kuma a ɗaya gefen dattawan gidan amarya ne jere, sun fito tarya cikin fararen jallabiya da rawuna. To duk ɗan raksha abu ɗaya ya sani game da taɓo: ka ba ta wuta har ƙarshe, in ba haka ba ka kwana a ciki. Ban ma yi shawara ba, ƙafata ce ta yanke hukunci. Na take totur har ƙasa.

Hadari ta yi wani ruri da ban taɓa jin ta yi ba. Gaba ba ta je ba. Tayoyin baya suka shiga juyawa, gindinta ya zame a hankali, ya zagaya, ya zagaya, sitiyari yana hannuna amma ba ya jin maganata, har muka juyo muna kallon hanyar da muka fito. Ni kuma don ruɗewa ban ɗaga ƙafa ba. Duk taɓon da tayoyin suka haƙo, a kan dattawa ya sauka. Da na leƙa madubi ban ga farin yadi ko ɗaya ba. Uban amarya yana tsaye hannunsa a miƙe yadda ya shirya gaisawa, idanunsa kawai ake gani cikin taɓo.

Kiɗa ya tsaya. Cikin wannan shirun kakar amarya ta dogaro sandarta ta leƙo taga, ta dubi Bashir ta tambaye shi ko fasawa ya yi ne, tunda ga shi ya juya zai koma gida. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Kawu bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi zafi. Ya ce in sauka, ya sa aka zuba karan dawa ƙarƙashin tayoyin, ya lalubo sitiyari ya zauna. Mutumin da ba ya gane fuska daga taku biyar. Ya karkata kai yana sauraron injin, ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci a hankali, ƙafarsa ko kusa da totur ba ta je ba. Hadari ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, ta taka ta fita da kanta, ya juyo da ita ya tsayar a gaban uban amarya. Dattawan da na wanke da taɓo su ne suka fara cewa masha Allah. Ni ina tsaye cikin laka har idon sawu, kunya tana cina, amma tsigar jikina sai tashi take yi.

Bayan sati ɗaya Kawu ya kira mu. Ya ba Sani makulli. Ni ya miƙo mini bokiti da tsumma, ya ce tunda ni na san inda taɓon ya shiga, ni zan fi iya fitar da shi. Kowace Juma'a ni ke wanke ta, kuma in Sani ya tayar da ita ina nan tsaye a bayanta kamar dā. Darasin da na koya shi ne in tsoho ya ce a roƙi abu, a roƙe shi. Yanzu ko rakshata sai na ce mata don Allah kafin in shiga taɓo.