Alhaji Nalado da Shanun Indiya

Allah ya jiƙan Alhaji Nalado mahauci, ya sa ya huta. Tun da muka rasa shi, duk wanda ya shigo gaisuwa da labarin da zai bayar a kansa, amma babu wanda ke sa mutane su manta a zaman makoki suke kamar labarin zuwansa Indiya.

Ciwon gwiwa ne ya kai shi. Mutum ne da ya gaji wuƙa a wurin ubansa, tsayuwa a bakin teburin nama ta cinye masa ƙafa. Da za a tafi, aka haɗa shi da taubashinsa Malam Isiyaku, tsohon ma'aikacin asibiti, saboda shi ke jin Turanci. Ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, Alhaji ya ga wuƙaƙe a jere a faranti, ga shi yau shi ne a kwance, wani ne a tsaye a kansa. Nan take ya yi wa Allah alkawari, in ya tashi da rai ya bar ƙarya har abada, har da ta kasuwa, irin su "wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba."

Ya tashi lafiya lau. Likita ya ce ya riƙa taka ƙafar kafin ya hau jirgi. Sai Isiyaku ya ɗauko musu motar haya, suka gangara kudu, wani yanki na bakin teku da ake kira Nagapattinam, inda mutane ke tururuwa ziyara, kowa da addininsa.

Direban, Selvam, mutumin kirki ne na ƙarshe. Shi ke riƙe Alhaji in zai fito daga mota, shi ke ɗaukar masa sanda da buta, ba ya kiransa da komai sai Appa, wato baba a yarensu. Sai dai ba ya cin nama, ko ƙwai ba ya taɓawa, kuma akwai hoton saniya a gaban motarsa, kullum da safe sai ya rataya masa sabon fure. Tun ranar farko Isiyaku ya ja taubashinsa gefe.

"Ka ga hoton nan? To ka ja bakinka, a addininsu saniya abar girmamawa ce, ba a yanka ta. In mutumin nan ya ji sana'arka, a bakin titi zai sauke mu, ka tako sabuwar gwiwarka har filin jirgi."

"Ni dai na bar ƙarya."

"Ba na ce ka yi ƙarya ba. Shiru ma ibada ce."

Suka fara da garin Nagore, inda kabarin wani waliyyi yake, ga dogayen hasumiyoyi farare, ga tantabaru kamar a yi shara. Alhaji ya yi salla a cikin 'yan'uwa Musulmi, ya ci shinkafa da naman akuya, ya ce wanda ya yi yankan naman nan da gatari ya koyi aiki. Daga nan suka wuce Velankanni, inda Kiristoci ke da wani ƙaton coci fari fat a bakin ruwa. Ya ga maza da mata har da yara ana yi musu aski ƙwal don cika alkawari, ya juya ya ce, "Isiyaku, su ma Umara suke yi ne?" Da aka kai shi gaban teku kuwa, ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko ana sha. Aka ce gishiri ne. Ya ce to an yi asarar wuri.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shanu ne. Suna kwance a tsakiyar titi, mota na kauce musu, suna cin ayaba a teburin mai talla, babu igiya, babu makiyayi, babu mai tayawa. Kowace suka wuce sai Alhaji ya bi ta da ido har wuyansa ya ƙage, Isiyaku na takar masa ƙafar da ba a yi wa aiki ba.

Rannan da hantsi Selvam ya nemi alfarma su tsaya a wani ƙaramin gari, zai shiga wurin bautarsu ya fito. Ginin na da doguwar hasumiya cike da siffofi masu launi, ga masu sayar da fure da kwakwa a ƙofa. Isiyaku ya tafi neman ruwan sha, ya bar Alhaji a inuwa da sandarsa.

Sai ga wata saniya ta fito daga lungu. Fara ce sol, an shafa wa ƙahonta shuɗin fenti, da ƙararrawa a wuya. Ta zo ta tsaya a gabansa kamar an aiko ta.

Alhaji dai ya ce shi bai miƙa hannu ba, hannun ne ya tafi da kansa. Ya dafa tozon ya girgiza. Ya shafa haƙarƙarin, ya danna cinya da babban yatsa, ya zagaya ya kama gindin wutsiya ya murza don ya ji kitse. Ya dawo ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa: "Masha Allah. Nan kilishi. Nan balangu. Tozon nan kuwa ba na sayarwa ba ne, na gida ne." Rabonsa da naman shanu tun kafin ya baro gida, har idonsa ya kawo ruwa.

Ko da Isiyaku ya dawo, ya tarar an kewaye taubashinsa. Mata sun haɗa tafin hannu a ƙirji, masu fure sun baro tallarsu. Wani tsoho mai kula da shanun wurin, da farin zane a kafaɗa, ya rataya wa Alhaji sarƙar fure a wuya. Selvam na gefe yana share ƙwalla.

"Tsohon nan ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya taɓa saniya da ƙauna irin ta Appa ba," in ji Selvam da Turanci. "Addu'ar me yake yi mata?"

Isiyaku ya juyo ga Selvam. "Yana yabon ta ne," ya ce, "gaɓa-gaɓa."

Tsoho ya yi magana da yarensu, Selvam ya mayar Turanci, Isiyaku ya mayar Hausa: ana tambaya ko a ƙasarsu Appa da shanu yake aiki.

"Zan ce masa kai likitan dabbobi ne," Isiyaku ya raɗa.

"Kada ka soma. Alkawari na yi, kuma ƙaryar da aka yi da sunana tawa ce. Abin da na faɗa shi za ka faɗa."

"Nalado, ka tuna nisan filin jirgi."

"Ɗan ƙauye, kai dai fassara aka ɗauko ka. Ka ce masa e, da shanu nake aiki tun ban yi gemu ba. Da saniya na ci, da ita na yi aure, ita ta kai ni Makka."

Aka fassara. Jama'a suka yi ta kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane e ne ko a'a.

"Ya ce ashe ka san saniya sosai."

"Ciki da waje."

Isiyaku ya fassara. Tsoho ya ji daɗi ƙwarai, ya yi wa wani alama da hannu. Jim kaɗan sai ga shi an jawo wata tsohuwar saniya, ramammiya, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, tana tari. Tsohon ya shafa goshinta, ya kamo hannun Alhaji yana roƙo.

Selvam ya ce, "Wannan ta daɗe ba lafiya. Yana tambaya, a can gida ana kawo wa Appa marasa lafiya irin wannan? Suna samun sauƙi? In haka ne, yana so Appa ya yi mata abin da yake yi musu, yanzu, a nan."

Isiyaku ya fassara, ya ƙara da cewa, "To gwanin gaskiya, ga fili ga mai doki."

Alhaji ya dubi saniyar, ya dubi tsohon, ya dubi Selvam da ke jira da makullin mota a hannu. Ya gyara furen wuyansa.

"Ka ce masa duk wadda aka kawo mini ba ta ƙara kwana da ciwo ba. Amma wannan ya yi haƙuri, ban zo da kayan aiki ba."