Kukan da na yi a Jiratawa

Abin da Hadiza, ɗiyar ƙanwata, ta yi mini, ko na so mantawa mutanen Jiratawa ba za su bar ni ba: ta sa ni kuka gaban jama'a, ni da furfura a gemu.

Ni dai aji biyar na tsaya a lakkwal, wato makarantar boko. Ita kau ta yi ta karatu har sai da ta zama mai binciken ƙwaƙwalwa. Wai tana son gano abin da ke sa wahala ɗaya ta faɗo wa mutum biyu, wannan ya jure, wancan ya karye. Na ce mata, ai ga amsa zaune gabanki. Wuta ta cinye shagona na hatsi a Maraɗi, abokan ciniki suka watse, kuma ba wanda ya ga hawayena. (Ban gaya mata cewa ba ni barci ba, ko cewa 'ya'yana kan shige ɗaki in sun ji babur ɗina.)

Ta roƙe ni in raka ta Jiratawa, don manoma ba su sakin jiki da yarinya ita kaɗai. Aikin nata sai an yanki ɗan gashi daga ƙeya, wai a nan damuwa ke barin alama. Da jin haka wani tsoho ya danne hularsa da hannu biyu.

"Gashina? Ki kai ma wane boka?"

Sai na cire tawa hular, na zauna bisa turmi. "Ku ji tsoron banza! Hadiza, fara da ni."

Ta yanka. Ta ce saura tambayoyi, mu shiga zaure. Na ce a yi nan, ni ba ni da abin ɓoyo. (Bakina ne ya ja mini, na sani.)

"Kawu, ka tabbata?"

"Ke, yi aikinki."

Ta tambayi abinci, na amsa. Ta tambayi ciwon kai, na amsa ina dariya. Sai ta sauke murya.

"Tun da shagon ya ƙone, wa ya taɓa tambayarka yaya kake ji?"

Na buɗe baki in ce ba na bukata. Abin da ya fito kuka ne, irin mai majina, kafaɗu na rawa. Wata mata ta bar daka ta miƙo mini bakin zanenta. Tsohon nan ya dafa ni yana cewa, "Yi abinka, Malam, ni ma da ruwa ya ci gonata, a bayan rumbu na yi nawa kukan." Sannan ya tuɓe hula ya ce a yanka.

Sati guda ban yi wa Hadiza magana ba. Ita ta zo ta ja ni wajen wani likita mai sauraren mutane, ina tafe ina zagi. Yanzu ina barci. Na kuma gane ashe ana iya cika baki da jimiri alhali ciki ya daɗe da ruɓewa.

Da ta zo sallama, na tsare ta a ƙofar gida na ce:

"Kin kunyata ni, Hadiza, kuma ban yafe ba. Allah ya yi miki albarka. In za ki Tsibiri ki biyo ta nan, akwai wani abokina can, ya fi ni taurin kai."