Haddar Da Na Kai Gaban Masu Tantancewa

Ba zan taɓa mantawa da ranar tantancewar nan a Dutse ba, kuma ko na so in manta, Habu ba zai bari ba.

Bari in fara da abin da na shekara goma sha biyu ina ɓoyewa: karatu wuya yake ba ni. Haruffa na san su sarai, amma da na kafa musu ido sai su hau musayar wuri, layi ya hau kan layi. Shafin da wani zai gama cikin minti biyu, ni sai in yi kwatan awa ina gumi a kansa. Kunnena kuwa, tubarkalla. In aka karanta mini abu sau biyu, ya zauna ke nan. Da haka na lallaɓa na gama sakandare a Taura: Habu, ɗan ƙanin mahaifina, ya karanta, ni in haddace.

Da aka zo zaɓen makaranta, Baffa, wato mahaifina, ya ce lauya yake so in zama. (Ni da littattafai masu kaurin bulo!) Na dage a kan wata kwaleji mai koyar da lafiyar dabbobi, don can aikin hannu ya fi yawa, kuma a cikin shanu na tashi. Daga ƙarshe Baffa ya ce, "To, amma sau ɗaya. In ba su ɗauke ka ba, ka dawo garke."

A fom ɗin akwai gurbin da mai buƙatar taimako wajen karatu zai sa alama. Habu ya kai biro wurin, na buge hannunsa. A gidanmu ko ciwo ba a faɗa sai ya kayar da mutum, balle in rubuta da hannuna cewa ban iya karatu ba.

Ranar tantancewa ni da Habu muna zaune a kan benci, sai na ji waɗanda suka fito suna cewa ana miƙa wa kowa takarda ya karanta da ƙarfi, da Turanci. Wata yarinya ta ce ai ba komai ba ne, bayanin rigakafin ciwon huhun shanu ne, irinsa ma yana manne a allon sanarwa. Na ja Habu zuwa allon. Sau uku ya karanta mini, na mayar masa babu tuntuɓe. Har wata taƙama na riƙa yi da muka je sallar azahar.

Mutum uku na tarar a ciki: wani dattijo mai tabarau, wani matashin malami, da wata Hajiya mai yawan shiru. Aka miƙo takarda. Ban ɓata lokaci wajen dubawa ba. Na gyara murya kamar mai labaran rediyo, na ɗora yatsa a kan layi ina ja, na zuba hadda. Har ɗagowa nake yi ina kallonsu, don su san sun haɗu da gwani. Na rufe da jimlar ƙarshe ta sanarwar, wadda ke cewa a tuntuɓi ofishin dabbobi mafi kusa.

Matashin nan ya sa hannu ya toshe baki.

"Ɗana," in ji Hajiya, "me ka karanta?"

"Abin da ke takardar, ranki ya daɗe."

"Takardar hannunka a kan kiwon kifi take. Bayan azahar muka canja."

Na duba. Ga hoton tarwaɗa nan a sama, ƙatuwa, har da gashin baki, tana kallona. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya cire tabarau ya ce wannan maguɗi ne, a soke sunana. Garke kawai nake hangowa, da fuskar Baffa. Hajiya ta ce a dakata, in karanta layin farko. Na karanta, ina tuntuɓe, gumi na ɗiga a kan tarwaɗar. Sai ta karɓa ta karanta sakin layi guda, ta yi mini tambaya huɗu. Na amsa duka. Daga nan bakina ya buɗe, na faɗa musu komai.

"Me ya hana ka sa alama a fom?"

"Kunya, Hajiya."

"Wadda ka sha yanzu fa, ba ta fi ba?"

Bayan sun yi shawara, ta ce in dawo ranar Alhamis in yi jarrabawa da ƙarin lokaci, a karanta mini tambayoyin. Amma sai na zo da mahaifina ya tabbatar matsalar ta daɗe. Wannan sharaɗin ya fi hukuncin dattijon tsorata ni.

Na samu Baffa da la'asar yana ɗaure maraƙi. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga maganar. Ko juyowa bai yi ba.

"Tun kana aji uku na sani," in ji shi. "Kai ne kake karanta mini bayanin maganin shanu kwalbar tana juye. Ka zaci don me nake ajiye Habu a gidan nan? Jira nake ka faɗa."

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa muka tafi tare, aka kuma ɗauke ni.

Abin da na koya shi ne, sirrin da na sha wahalar ɓoyewa shekara goma sha biyu, ni kaɗai ne na ɗauke shi sirri. Yanzu duk fom ɗin da ya zo hannuna, gurbin nan nake fara nema. Kuma duk takardar da aka miƙo mini, ko hoton ne ina dubawa.