Ranar da Na Tona Asirin Miyar Inna

Na sha jin kunya a rayuwata, kuma yawancinta takan wuce bayan sati biyu. Wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, don ko na yi niyya, matan unguwarmu a Gummi ba za su bar ni ba.

Bari in fara da asirin, tunda dai ni da bakina na riga na baza shi. Innata ta yi suna wajen miyar kifi. In ana suna ko walima a unguwa, gidanmu ake aiko da kifi da kayan miya, a ce don Allah Inna ta sa hannu. To gaskiyar magana ita ce, tun wata doguwar jinya da ta yi bayan haihuwar ƙanena, Inna ba ta jin ɗanɗano, ba ta jin ƙamshi. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakinta. Baba ne yake yin miyar. Ya koyi girki tun yana saurayi, lokacin da sukan yi kwana da kwanaki a bakin gulbi suna su, babu mai dafa musu. Sai a sakaya ƙyauren zaure, ya naɗe hannun riga ya tsuguna gaban murhu, Inna tana miƙa masa daddawa da tattasai. In an kai miyar, ita ake yi wa sannu da aiki. (Baba fa ba ƙaramin mutum ba ne. Dattijo ne mai farin gemu, in rigimar iyakar gona ta tashi a fadama shi ake kira ya raba.) Tun muna yara aka ja mana kunne: maganar nan ta fita, Inna ta zama maƙaryaciya a idon mata, Baba ya zama abin dariya a majalisa. Fiye da shekara ashirin muna riƙe da bakinmu.

A makarantar da nake koyarwa, mu malamai mata muna da ɗan zaman karatu. Duk wata mukan zaɓi littafi ɗaya, mu karanta, mu taru ranar Asabar mu yi ta musu a kai. Wata rana Malama Hassi, abokiyar aikina kuma maƙwabciyarmu, ta kawo wani ɗan littafi da wata mata 'yar Anka ta rubuta. Labarin wani babban gida ne a ƙaramin gari, kowa da abin da yake ɓoyewa don kada ɗan uwansa ya ji kunya. Littafi mai sanyaya zuciya, wallahi. Ina ta karatu ina murmushi, har na iso inda wani tsoho yake kulle ƙofa ya yi wa matarsa girki a ɓoye.

Na ajiye littafin, na ce wannan ai gidanmu ne.

A littafin miyar kuka ce ba ta kifi ba, matar kuma ciwon hannu ne da ita. Amma ni na ce wannan ɓad-da-bami ne kawai. Nan take na zama ɗan sanda. Wa ta kawo littafin? Hassi. Wa muke katanga ɗaya da su? Hassi. Wa take da dangin miji a Anka? Hassi. Shi ke nan, na kama ɓarauniya. Sati biyu ina amsa gaisuwarta da hanci, ita kuwa baiwar Allah har tana tambayata ko haƙori ne yake damuna.

Ranar zaman ta zo, aka ce ma marubuciyar da kanta za ta halarta. Muka jera benci a wani aji, aka ajiye zoɓo da cincin. Marubuciyar wata siririyar mata ce mai tabarau, mai yawan sunkuyar da kai. Na zauna ina harararta ta gefen hijabi.

Aka fara faɗin ra'ayi, kowa da inda ya sa gaba. Wata ta ce ta yi kuka sau uku, har mijinta ya ɗauka rasuwa aka yi a garinsu. Wata ta ce ita barci ya sa ta, littafi babu soyayya, babu mugu ko ɗaya, kowa mutumin kirki kamar ba a duniya ake ba. Wata dattijuwa cikinmu ta ce abin da ke cikin gida a bar shi cikin gida, rubuta shi a takarda tonon silili ne ko da an sauya sunaye. (A nan na gyaɗa kai da ƙarfi har wuyana ya yi ƙara.)

Sai Malama Kulu, wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta gyara zama ta ce, “Ni duk na yarda da abin da anka rubuta, ban da tsohon ga mai girki. Dattijo da gemunai ya duƙa gaban murhu? A ƙasag ga? Ku nuna mini shi in gani!”

Aji ya kwashe da dariya. A daidai lokacin Hassi ta waiwayo ta dube ni tana murmushi, har da ɗaga gira. Daga baya na gane jug ɗin zoɓo ne a gabana take so in miƙo mata. Amma a lokacin, kaina ya riga ya ɗauki zafi. Na ga kowace dariya Babana ake yi wa. Na miƙe tsaye, benci ya yi ƙara.

“Ku bar kewaye-kewaye,” na ce. “Na san da Babana kuke. Eh, shi ka yin miyar kihin! Mi ya yi zahi? Inna ba ta jin ɗanɗano, shi ya rufa mata asiri, sai ku sa shi cikin littahi ku zo kuna dariya? Ke kuma Hassi, Allah ya isa leƙen katanga!”

Duk aka juyo ana kallona.

Hassi ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. “Ke, tsaya. Baba Malam? Shi ka yin miyar?”

Malama Kulu ta dafe ƙirji. “To miyar sunan ɗana da nis sha kwano biyu, shi yay yi ta?”

Marubuciyar ta cire tabarau ta ce a hankali, “Malama, ki yi haƙuri. Kakana ne na rubuta, na Anka, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa taka unguwarku ba, yau ne ma zuwana Gummi na biyu.”

Ban san yadda na zauna ba. Na dai tsinci kaina riƙe da cincin ina kallonsa kamar shi zai cece ni. Mata goma sha huɗu ne a ajin nan, kowace da waya a hannu.

Tsakanin makaranta da gidanmu tafiyar minti goma ce a kabu-kabu, amma labari ya riga ni isa. Na tarar da Inna zaune a kan tabarma ta haɗa tagumi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Ɗiyag ga, shekara ashirin maƙwabta ba su gane ba. Boko munka kai ki don wanga aiki?” Na durƙusa ina kuka na gaske, don na ga idonta ya yi ja. Baba kuwa ya shigo, ya dube ni, ya dubi murhu, ya ce daga yau ya ajiye ludayi. Ya daina fita majalisa, masallaci kawai, a dawo da sauri.

Kwana shida muka ci miyar Inna. Ba zan ce komai a kanta ba, uwa ce. Ƙanena dai ya daina yi mini magana a kwana na biyu.

A rana ta bakwai wani abokin Baba, tsoho sa'ansa, ya yi sallama a zaure. Muka ɗauka tsokana ta kawo shi. Ashe matarsa ce ta kwanta ciwo wata uku, 'ya'yansu mata duk suna gidan aure a Bukkuyum, shi kuma kunya ta hana shi ɗora tukunya, sai gari da ƙuli yake ba ta. Ina bayan ƙyaure na ji ya rage murya ya ce, “Malam, don Allah, daddawar nan kahin ruwa a ka sa ta ko bayan ya tahasa?” Baba ya miƙe ya ce, “Taso mu shiga ciki, ba a koyon shi da baki.”

Ranar aka yi miya a gidanmu zaure a buɗe. Mata kuma suka yi ta shigowa wajen Inna, ba mai zancen ƙarya, sai “Allah ya ba 'ya'yanmu irin mijinki.” Na ga Inna tana dariya tana rufe fuska da gyale kamar amarya. (Mazan unguwa ne dai suka shiga uku, don yanzu da an yi musu a gida sai a ce su je su ga Baba Malam.)

Na je na ba Hassi haƙuri, ta yafe, bayan ta sa na maimaita jawabina sau biyu a gaban yayyenta. A wajen zaman karatu kuwa, duk littafin da aka ɗauko yanzu, kafin a buɗe sai Malama Kulu ta dube ni ta ce, “To, wanga na gidanku ne, ko mu ci gaba?”

Abin da na koya ba shi da yawa. In kin ga kanki a cikin littafi, ki sha zoɓonki ki yi shiru. Littafin bai san sunan babanki ba, sai in kin miƙe tsaye kin gaya masa.