Rasuwar Matatar Kifin Malam Siddiƙ

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai ciwo, Malam Siddiƙ na Akokan, tsohon ma'aikacin ramin uraniyom, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar matatar ruwan kifinsa, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar.

Marigayiyar ta shigo gidan ne shekarar da aka rufe rami. Wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar wa Malam amanarta, tare da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifayen teku, da murjani mai rai. Malam bai taɓa ganin teku ba, amma tun da aiki ya ƙare, gaban gilashin nan ne majalisarsa.

An shaide ta da haƙuri da tsabta. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai dai "gur-gur-gur" dare da rana. A cikinta akwai 'yar jakar gawayi na musamman, wanda ke shanye dauɗa har ruwan ya yi garau. Matar gidan, Bara'atu, ta sha faɗin cewa kifayen sun fi maigidan samun gata.

Ciwon ajali ya soma ne da ƙarewar gawayin. Aminin Malam, Hamadi direba, don tsabar ƙauna ya kawo kwal, gawayin ƙasa, daga mahaƙar Cirozerin, yana mai cewa baƙi dai baƙi ne. Aka daka a turmi, aka ɗura mata. Ruwa ya koma kamar shayin farko, ta yi "kak, kak" sau biyu, ta yi shiru.

Ta bar kifi biyu, da murjani ɗaya wanda Bara'atu ke cewa ko tsakiya ba zai yi ba. Marayun suna cikin baho yanzu, kuma sai ana motsa ruwan suke samun iska. Tun ranar Talata Malam ke zaune da ludayi, ya rame, tsoro yake ji ƙwarai kada amana ta mutu a hannunsa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, a ajiye ta cikin kwalinta a saman kabad. Zaman makoki zai ci gaba har motar Agadas ta kawo magajiyarta, sabuwar matata. Masu ta'aziyya kada su kawo goro, balle gawayi. Kowa ya zo ya karɓi ludayi. An yafe wa Hamadi duniya da lahira, shi ne kuma zai fara.