Girgiɗin Wuƙar Kaka

"…lafiya lau nake, ganinki ne dai ya ɓata mini yammacin. Wa ya mutu kika tuna da hanyar ɗakina?"

"Kai nake jira ka mutu in gaji tabarmar nan, ka ƙi."

Guntuwa ke nan da kakanta. Tun tana rarrafe ya laƙa mata sunan, ga shi yanzu sai ta sunkuya take shiga ƙofarsa, amma sunan ya bi ta har shagon ɗinkinta. Yau kam ba zolaya kaɗai ta kawo ta ba. Babanta ne ya aiko ta, ya ce a raba tsohon da wuƙarsa ta aljihu, 'yar mai naɗewar nan da yake fere lemo da ita kullum da yamma, daga yanzu a riƙa fere masa. An ga jini a gefen rigarsa, ya ce wai sauro ya kashe. Duk gidan ba mai iya tunkararsa sai ita. Ita kuwa tausayi ya cika ta, don wanka sai an taimaka masa, takalmi sai an sa masa. Ferar lemon nan ce kaɗai ta rage da yake yi da hannunsa. Shi ya sa ta biya kasuwa ta yi abin da ba a aike ta ba.

"Me ke cikin jakar? Ko kin gaji da jiran sadakin kin kawo naki?"

"Wane sadakin? Wanda ka ce sai haƙoranka sun sake tsirowa? Ungo, sabuwar wuƙa ce. A ba waccan tsohuwar hutu, ta yi wa duniya aiki."

Ya karɓa yana taɓe baki, ya sa farce zai buɗe. Farcen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Guntuwa ta kau da kai kamar tana duban labule. In har ya kasa buɗe ta, maganar Baba ce za ta zauna.

"Wannan ai ba wuƙa ba ce, asusu ce," ya ce, ya dangwarar da ita. "Sun ɗaure mata wuya tamau kamar hannun marowaci. Ko da yake wadda ta sayo ta ta biyo."

"Sabuwa ce, ba ta girgiɗi irin taka."

"Ji jahilci! Wuƙar da ba ta ɗan motsi ai ba ta buɗuwa, Guntuwa. Duba nan."

Ya zaro tsohuwar daga aljihu, ƙotarta ta yi sumul don shan hannu. Da taɓawa ɗaya ta buɗe. Ya kama ƙarfen ya ɗan kaɗa shi dama da hagu.

"Kin gani? Gefe da gefe, kaurin takarda. Wannan ba aibi ba ne, numfashi take yi."

"Kaurin takarda ko kaurin katifa? Girgiɗi take kamar haƙorinka na gaba."

"Haƙorin nan ya girmi ubanki, kuma bai taɓa cizon mai shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Sabo dai turken wawa. To na yarda da na gefe da gefe. Saura ɗaya gwajin."

"Wane gwajin kuma?"

"Wanda ka koya mini ina 'yar makaranta, ranar da na sace ta zan fiƙe fensir. Ka ce motsin gefe wasa ne, amma in aka danna bayan wuƙa ta rusuna, to ta gama aure da mai ita, wata rana a kan yatsunsa za ta rufe. Ko ba kai ka faɗa ba?"

"Ni? Wani tsohon dai. Kin cika yawan samari."

"Au, wanzami ba ya son jarfa? Miƙo ta."

Bai miƙa ba, bai kuma hana ba. Ta zare ta a hankali daga hannunsa, ta kawar da yatsunta daga hanyar kaifin kamar yadda ya koya mata, ta ɗora bayan ƙarfen a gefen kujera ta ɗan danna. Ko ƙarfi ba ta sa ba. Ƙwal! Wuƙar ta naɗe rabi.

Tsohon ya ƙura wa wuƙar ido. Wallahi da ta san haka fuskarsa za ta koma, da ta bar Baba ya zo da kansa.

"Sauron nan naka akwai kaifi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya fito da yatsan da yake ta ɓoyewa a cikin hannun riga, an naɗe shi da ƙyalle.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe da sani. Ƙarfen da ke tokare ta ne ya cinye, ba ɗaurin noti ba ne balle a gyara." Ya ɗago kai ya ce, "Ba wuƙar nake ji ba, Guntuwa. Ranar da za a kawo mini lemo a yayyanke a faranti kamar ɗan yaye, ita nake gudu."

"Wa zai yanka maka? Ni? Allah ya kiyaye in ɓata farcena a kan mijin da bai biya sadaki ba."

Ta zazzage jaka ta ɗauko 'yar sukundirebar da take gyara keken ɗinki da ita, ta sa a notin sabuwar wuƙar.

"Kaɗan fa! Ba ƙafar kekenki ba ce."

"Yi mini shiru, gwanin da wuƙarsa ta cije shi."

Ta ɗan sassauta, ya gwada, farcen ya zame. Ta ƙara kamar ba ta ƙara ba. Wannan karon ƙarfen ya biyo farcensa sumul, ya tsaya ƙyam. Ya kaɗa shi gefe da gefe, ya ji ɗan motsin da yake so. Ya ɗora bayansa a gefen kujera ya danna da iyakar ƙarfinsa. Ko gezau.

"Hm. Ba laifi. Ta fi mai sayenta hankali."

Ya ɗauki lemo. Yana ferewa, ɓawon yana tsinkewa, shi da a da yake sauke shi zare guda. Hannun Guntuwa har ƙaiƙayi yake ta karɓa, sai ta zauna a kansa. Ya gama, ya raba lemon, ya auna da ido, ya miƙa mata ƙaramin. Sannan ya rufe tsohuwar wuƙar, ya shafa ƙotarta da babban yatsa, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ga sadakinki. Ki adana, kada ki buɗe."

"Shekara da shekaru ina jira, a biya ni da wuƙar da ta ciji mai ita?"

Tsoho ya tuntsire da dariya har haƙorin nan na gaba yana rawa.

"Kin ci, Guntuwa, kin ci. Je ki gaya wa ubanki an raba ni da wuƙar kamar yadda ya so. Lemon gobe kuwa, a kawo mini shi da ɓawonsa."